Rudolf Diesel: Ya yi alkawarin kashi 73, ma'auni ya ba shi 26

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan mai ya ce a zuba masa dizal, to sunan wani bawan Allah ya kira, ko ya sani ko bai sani ba. Kalmar nan tun asali ba sunan mai ba ce, sunan mutum ne, Rudolf Diesel, Bajamushen da ya ƙirƙiro injin da a yau ke jan tirela da tifa da tanka da manyan jif-jif, yake juya janareta da injin niƙa, yake kuma tura jiragen ruwan da ke kawo kaya tashoshinmu. Sama da shekara 110 ke nan da ya bar duniya. Amma gardamar nan da direbobi ba sa gajiya da ita, ta wace mota ce ba ta shan mai, kuma kilomita nawa take yi da lita guda, tare da injin aka haife ta. Shi kansa mai injin da alkawarin da ya fi ƙarfinsa ya fara.

An haife shi a birnin Paris ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Bavaria, a kudancin Jamus. Mahaifinsa Theodor mutumin Augsburg ne, ya koyi ɗinkin littattafai, daga baya ya koma sana'ar fata, mahaifiyarsa Elise kuwa 'yar Nuremberg ce. Gidan ba na wadata ba ne. Rudolf yakan taya uban aiki a shago, ya loda kaya a baro ya kai wa masu saye, duk da haka a makaranta yana cikin na gaba-gaba.

Yana da shekara 12, a 1870, yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia, aka ce Jamusawa su fice daga Paris. Wanda ya san zaman baƙunta ba sai an yi masa dogon bayani ba: garin da aka haife ka, harshen da ka tashi da shi, rana ɗaya a wayi gari a ce kai ba ɗan nan ba ne. Suka tattara ya nasu ya nasu suka nufi Landan. Zaman can ma bai yi daɗi ba, sai aka tura yaron shi kaɗai zuwa Augsburg, gidan wani ɗan'uwansu, Christoph Barnickel, malamin lissafi. A hannunsa ya ƙarasa girma. Da ya kai shekara 14 ya rubuta wa iyayensa wasiƙa cewa injiniya yake son zama, alhali su burinsu ya yi maza ya kama aiki ya rage musu nauyi. Bai bi ra'ayinsu ba. A 1875 ya samu tallafin karatu zuwa babbar makarantar fasaha ta Munich.

A cikin malamansa akwai Carl von Linde, wanda ya yi suna a kan injunan sanyi da yin ƙanƙara. A wani darasi a 1878, Linde ya bayyana wa ɗalibai cewa injin tururi, wanda a lokacin shi ne sarkin masana'antu da jiragen ƙasa, kashi 6 zuwa 10 cikin 100 kacal na zafin kwal ɗin da yake ci ke komawa aiki. Sauran duk ya bi hayaƙi. Wato in ka sayi buhu goma na kwal, tara ka ƙona a banza. Ya kuma koya musu lissafin wani Bafaranshe, Sadi Carnot, wanda tun 1824 ya nuna iyakar abin da kowane inji zai iya tatsa daga zafi. Darasi ɗaya ne fa, amma shi ya hana ɗalibin nan sakat har ƙarshen rayuwarsa.

Zazzaɓin taifot ya hana shi zana jarrabawar ƙarshe tare da 'yan ajinsu a 1879. Kafin zagayowar wata jarrabawar ya je ya yi aikin hannu a masana'antar Sulzer da ke Winterthur a Suwizalan, ya dawo ya gama a Janairun 1880 da sakamako mafi daraja. Linde ya ɗauke shi aiki a masana'antar ƙanƙara a Paris, bayan shekara guda ya zama shugabanta. Ya auri Martha Flasche a 1883, suka haifi 'ya'ya uku. Da rana yana sayar da sanyi, da dare yana lissafin zafi. Ya ɓata shekaru a kan wani inji mai aiki da tururin amoniya, abin bai kai ko'ina ba. A 1890 aka mayar da shi Berlin.

Dabarar da ya tsaya a kanta daga ƙarshe ba ta da wuyar fahimta. Injin fetur yana gauraya mai da iska, ya matse su, sannan fulogi ya ƙyasta musu wuta. Ba a iya matse su da yawa, don za su kama da kansu kafin lokaci ya yi. Diesel ya ce to a matse iska zalla, ba mai a ciki, a matse ta har ta yi zafin da in an fesa mata mai zai kama da kansa. Duk yaron da ya taɓa hura tayar keke ya san yadda famfo ke ɗaukar zafi a hannu. Shi ke nan, ba fulogi. Kuma gwargwadon matsar, gwargwadon aikin da za a tatsa daga kowane ɗigon mai.

Ya nemi takardar mallakar fasaha a Fabrairun 1892, aka ba shi a Fabrairun 1893, mai lamba 67207. A shekarar ya fitar da ɗan littafi, wanda tun daga sunansa ya nuna manufarsa ita ce ya kori injin tururi da duk sauran injunan da aka sani. A nan ne fa ya cika baki. A lissafinsa, za a matse iska ninki 250 na nauyin iskar da muke shaƙa, a riƙa zuba mai kaɗan-kaɗan yadda zafin cikin silinda ba zai ƙaru ba, injin ba zai buƙaci ruwan sanyaya ba, zai iya cin garin kwal, kuma kashi 73 cikin 100 na zafin man zai koma aiki. A zamanin da ake fama da kashi 10! Kuma duk wannan a takarda ne, ko ƙusa ɗaya ba a ɗaura ba.

Masana suka yi masa ca. Wani injiniya, Otto Köhler, ya nuna cewa man da tsarin ya yarda a zuba ya yi ƙaranci ƙwarai, har ɗan aikin da zai bayar ba zai ishi injin ya juya kansa ba, balle ya ja wani abu. Gaskiya ya faɗa. Diesel da kansa ya gano haka a cikin shekarar ta 1893, ya sauya tsarin ƙonawar, ya rage matsar, ya nemi takardar mallaka ta biyu a watan Nuwamba. Abin da bai yi ba shi ne ya fito fili ya ce littafin nan akwai kuskure a ciki. A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne: a kan takardar farko ya riga ya ƙulla yarjejeniya da masu kuɗi, wato Heinrich von Buz, shugaban masana'antar injuna ta Augsburg wadda daga baya ta zama MAN, da kamfanin Krupp na Essen. Wannan shirun ya bi shi har shekara 20.

Aikin ginawa ya ci shekara huɗu. Ranar 10 ga Agusta, 1893, aka fesa fetur a injin farko, ya kama da ƙarfin da ya tarwatsa na'urar awon da ke kansa, ƙarafa suka yi ta tashi a ɗakin. Bai juya ba, amma an tabbatar iska mai zafi na kunna mai. Ranar 17 ga Fabrairu, 1894, injin ya juya da ƙarfin kansa sau 88, minti ɗaya ke nan. Daga nan aka shiga gyara da sauyi. Aka sa rigar ruwa, wadda littafi ya ce ba a buƙata. Aka bar garin kwal gefe, aka kama kananzir. Matsar 250 ta dawo 30 da 'yan kai. Aka ƙara wani famfo na dabam mai hura man cikin silinda da iska mai ƙarfi.

Sai ranar 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter na makarantar Munich ya zo Augsburg don gwaji a hukumance. Shi ba mai injin ba ne, ba kuma mai sayarwa ba. Ya auna man da aka zuba, ya auna aikin da ya fito, ya raba. Injin mai silinda ɗaya, mai nauyin sama da tan 4, ya ba da ƙarfin doki kusan 18, yana cin giram 238 na mai a kowane ƙarfin doki cikin awa guda. Kason da ya koma aiki: 26.2 cikin 100.

Tsakanin 73 da 26 akwai tafiya. Amma mai karatu ya lura, 26 ɗin nan ya ninka na mafi kyawun injin tururi na lokacin, kuma babu wani injin zafi a duniya da ya taɓa kaiwa nan. Ai da tun farko 26 ya yi alkawari, da ba wanda zai samu bakin magana. Injin yana nan har yau a gidan tarihin fasaha na Deutsches Museum a Munich.

Bari mu ɗan tsaya a nan, don wannan tazarar ta takarda da ma'auni ba ta mutu da shi ba. Bayan sama da shekara 120 ana gyara, injin babbar mota mai kyau yana kaiwa wajen kashi 45 ne, manyan injunan jirgin ruwa sun ɗan haura 50. Har yau ba inji mai fistan da ya kusanci 73. Lita ɗaya ta man dizal tana ɗauke da ƙarfi daidai gwargwado, wajen abin da mitar lantarki ke ƙirgawa yunit 10, kuma fiye da rabi zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Abin da ya rage shi ne zai ture iska, ya ja nauyi, ya hau tudu. Shi ya sa tirela mai tan 40, a kan lafiyayyen titin Turai ma, take shan lita 30 zuwa 35 a kilomita 100, wato kilomita uku da lita ɗaya. In gudu ya ninka, turjiyar iska ninki huɗu take yi, kuma mota mai faɗin goshi irin jif ko babbar a-kori-kura ta fi kowa jin wannan. Don haka in wani ya ce maka ƙatuwar motarsa mai tan uku tana shan mai kamar ƙaramar tasi, to ko dai a gangara ya auna, ko allon gaban mota ya karanta ya yarda, ko kuwa sayar maka da ita yake son yi.

Kamfanonin ma ba a bar su a baya ba. Cibiyar bincike ta ICCT ta kwatanta alƙaluman da ake rubutawa a takardun sabbin motoci a Turai da abin da direbobi ke sha a kan titi, ta ga tazarar da ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba a 2001 ta kai wajen kashi 40 a 2015. Wannan na cikin abin da ya sa aka sauya tsarin gwajin daga 2017. A Amurka kuwa, manyan a-kori-kurar da nauyinsu da kaya ya wuce fam 8,500, kusan kilo 3,900, doka ba ta tilasta a manna musu takardar shan mai ba, sai abin da mai mota ya faɗa, kuma kowa ya san yadda mutum ke yabon abin hawansa. Hanyar Schröter dai ita ce har gobe: cika tanki fal, rubuta kilomita, yi tafiyarka da kayanka yadda ka saba, sake cikawa, raba. A maimaita sau uku ko huɗu. Gani ya kori ji.

Mu koma ga mutuminmu. A watan Yunin 1897, a taron injiniyoyin Jamus a Kassel, Diesel ya gabatar da injin a matsayin wanda ya gama nuna, sai saye kawai. Wannan shi ne cika baki na biyu, kuma ya fi na farko tsada. Masu kuɗi suka yi layi. Adolphus Busch, attajirin St. Louis, ya biya mak miliyan ɗaya don ikon ƙera shi a Amurka. Emanuel Nobel ya saya wa Rasha, kamfanin Burmeister & Wain ya saya wa Denmak. Kafin a ce me, yaron da ke tura baro a Paris ya zama miloniya.

To amma injin da ke aiki a ɗakin gwaji, da ƙwararru tsaye a kansa dare da rana, daban yake da wanda za a kai wa mai masana'anta a bar shi da shi. Na farko da aka sayar, wanda aka kafa a wata masana'antar ashana a Kempten a 1898, ya yi ta ba da wahala, sai da makanikai daga Augsburg suka tare a wurin. Famfon iska ya lalace, bakin fesa mai ya toshe. Wata sabuwar masana'anta da aka kafa a Augsburg da sunan Diesel ta yi ta karɓar injunanta ana dawo mata da su, har ta durƙushe. Ga kuma wani mai ƙirƙira, Emil Capitaine, ya kai ƙara yana neman a soke takardar mallakar. Capitaine bai yi nasara ba, amma ciwon kai da rashin barci suka kwantar da Diesel, har aka kai shi gidan jinya. A cikin wannan hali, a 1898, ya sayar da dukkan haƙƙoƙinsa ga wani sabon kamfani a kan mak miliyan uku da rabi, wani kaso mai yawa a hannun jari ne ba tsaba ba. Waɗanda suka zauna suka yi wa injin gyaran da ya sa ya zama abin dogaro su ne injiniyoyin Augsburg, irin su Imanuel Lauster, waɗanda ba a kiran sunansu a gidan mai.

A baje kolin duniya na Paris a 1900 injin ya ci babbar lambar yabo. A wurin ne aka tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke yi sosai, su riƙa noma man injunansu. Injin ya yi aiki lafiya har mafi yawan 'yan kallo ba su lura ba. Diesel ya riƙe wannan magana, ya riƙa tallata man tsirrai a laccocinsa na ƙarshen rayuwa.

Mutum ne mai son a ce ya gyara duniya. Burinsa tun farko ƙaramin inji ne mai arha da zai ba maƙeri da kafinta da masaƙi damar yin gogayya da manyan masana'antu. A 1903 ya rubuta littafi mai suna Solidarismus, inda ya tsara yadda ma'aikata za su riƙa tara 'yan kuɗi kaɗan-kaɗan su mallaki masana'antu da kansu, kusan irin adashi amma na ƙasa baki ɗaya. Ɗaruruwa kaɗan aka saya. Injin nasa kuma, maimakon shagon maƙeri, sai ya tafi wurin manya: tashoshin lantarki, jirgin dakon mai na Vandal a kogin Volga a 1903, jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, sannan a 1912 babban jirgin Selandia da ya tashi daga Copenhagen har Bangkok.

Abin mamaki, motar dizal ko ɗaya bai gani a kan titi ba. Wajen 1908 ya gwada ƙera ƙaramin inji na babbar mota tare da wani kamfani a Suwizalan, abin ya ƙi, saboda famfon iskar nan mai hura mai ya yi nauyi, ya kuma kasa bin saurin da mota ke buƙata. Sai bayan mutuwarsa da shekara goma, a 1923 da 1924, kamfanonin Benz da MAN suka fito da manyan motocin dizal na farko, kamfanin Bosch kuma ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa a 1927. Daga nan ne hanya ta buɗe wa tirelolin da muke gani.

Gwanin lissafin zafi bai iya lissafin kuɗi ba. Ya gina katafaren gida a Munich, ya zuba dukiya a cinikin filaye da rijiyoyin mai na yankin Galicia, duk suka cinye shi. Takardun mallakarsa suka ƙare a 1907 da 1908. Yana fama da ciwon gaɓɓai da ciwon kai, amma a waje ba mai ganewa, shiga ta alfarma, magana a natse cikin Jamusanci da Faransanci da Turanci. A 1912 ya je Amurka aka karɓe shi kamar sarki, har ya ziyarci Thomas Edison.

A Nuwamban shekarar ne tsohon bashi ya taso. Ya gabatar da lacca a Berlin a kan yadda injin ya samu, sai farfesoshi biyu, Riedler da Nägel, suka tashi a gaban jama'a suka ce injin da ke aiki a duniya ba shi ne wanda ke cikin takardar 1892 ba, kuma wasu ne suka ƙarasa shi. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Ɗaya rabin kuwa zalunci ne, don ba wanda ya kwana shekara huɗu a gindin injin nan sai shi. Ya mayar da martani da littafi a 1913. Yana kuma da labarin wani tsohon farfesa, Johannes Lüders, na shirya littafi sukutum don ya nuna cewa sunan Diesel tatsuniya ce kawai.

Ranar 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwan Dresden a Antwerp ta Beljiyam zai tsallaka Harwich a Ingila, don taron wani kamfanin dizal a Landan. Yana tare da abokan tafiya biyu, Georges Carels da Alfred Luckmann. Suka ci abincin dare, wajen ƙarfe goma ya yi musu sallama, ya bar saƙo a tashe shi ƙarfe shida da kwata. Da safe aka tarar ba a kwanta a gadonsa ba, rigar barcinsa na shimfiɗe, hularsa da kwat ɗinsa kuma a ninke kusa da ƙarfen bayan jirgi. Bayan kwana goma wani jirgin Holan ya tsinci gawa a teku, ta lalace, ma'aikatan suka cire abin da ke aljihunta suka mayar da ita ruwa. Ɗansa Eugen ya duba kayan, lalita da gidan tabarau da 'yar wuƙa da gwangwanin magani, ya tabbatar na mahaifinsa ne. Shekararsa 55.

An yi ta zance. Wasu suka ce gwamnatin Jamus ce ta sa aka jefa shi, don kada ya ba Ingila sirrin injin jiragen ƙarƙashin teku ana dab da yaƙi, wasu suka ce 'yan kasuwar mai ne. Ba a taɓa kawo hujja a kan ko ɗaya ba, kuma yawancin marubuta tarihinsa sun tafi a kan shi ya jefa kansa. Allah shi ne masani. Littafin Lüders ya fito 'yan makonni bayan haka.

Kafin tafiyar ya bar wa matarsa Martha wata jaka, ya ce kada ta buɗe sai mako mai zuwa. Da ta buɗe ta samu mak 20,000 tsaba, tare da takardun banki da ke nuna asusunsu duk sun ƙafe.